Notin tof ɗin Peugeot 504: a maida tsofaffin, a sayi na kasuwa, ko a yi odar sitod?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman shawara. Ina tayar da injin wata tsohuwar Peugeot 504 haɗin Kaduna, mai shan fetur, injin lita biyu mai kafireta. An sa sababbin silib (bututun da fistin yake gudu a ciki) da fistin da zobba, an kai tof (murfin saman injin) wajen masu tona sun goge masa fuska, gasket ma na samu mai kyau. Saura notin tof guda goma. Makanikena ya ce a wanke tsofaffin da fetur a maida su, haka ake yi tun kaka da kakanni. Wani mai kayan sifeya ya nuna min sababbi masu ƙyalli, an buga 12.9 a kansu, ya ce sun fi na kamfani ƙarfi. Ƙanena kuma da ke kallon bidiyon masu tseren mota ya dage sai dai a yi odar sitod daga Amurka, wato sanda mai tiredi a baki biyu da ake ɗaure ta da nat daga sama. Motar ta yawo ce da ɗan tafiya Zariya zuwa Kano, ba tsere zan yi da ita ba. Wanne zan bi?

Yaron Gudu: Wa alaikumus salam. Oga ƙanenka ya fi kowa gaskiya. Sitod ɗin kamfanin ARP ka sa ka huta. Duk wanda yake gina inji na gaske shi yake sawa. Noti ɗan shekara arba'in ai ya gama aikinsa, a bar shi ya yi ritaya.

Mai Sifeya: Alhaji zo ka ɗauki 12.9 ɗin nan ka wuce wurin. Ƙarfe ne na gaske. Odar waje kuma da kuɗin dala da kuɗin jirgi, kafin ta iso ka sayi rabin wani injin.

Baba Kanike: Abban Sadiq, kafin kowa ya sayar maka da komai, amsa min tambaya uku. Me ya sa aka buɗe injin tun farko, tsufa ne ko tafasa ta yi? Notin da aka ciro duk iri ɗaya ne, ko akwai baƙo a cikinsu? Sannan washa ɗinsu suna nan?

Abban Sadiq: Baba barka da dare. Hayaƙi take yi tana shan baƙin mai, shi ya sa aka buɗe. Amma ta taɓa tafasa a baya, ruwa ya haɗu da mai, aka canza gasket a lokacin. Notin na je na duba yanzu: takwas iri ɗaya ne, biyu kansu ya bambanta, ɗaya ma ya ɗan fi sauran gajarta. Washa tara ne.

Baba Kanike: To ka gani. Ashe ba ma cikakken saiti ne a hannunka ba. Wanda ya canza gasket wancan karon ya cike giɓi da abin da ya tsinta a ƙasan akwatinsa. Waɗannan biyun ka jefar da su yau ɗin nan, kada ma su kwana kusa da injin. Takwas ɗin kuma sai an duba su ɗaya bayan ɗaya. Ka wanke su da buroshin waya, ka samo kan noti sabo, wato nat, mai tiredi irin nasu, ka murza shi da yatsu daga baki har ƙarshen tiredin. In ya tafi sumul, alama ce mai kyau. In ya je tsakiya ya cije, wannan notin ya miƙe, ya tashi aiki. Ka jera su a kan gilashi ka mirgina, mai lanƙwasa zai tona kansa. Wanda tsatsa ta yi wa ramuka a jiki shi ma waje. Injin da ruwa ya taɓa shiga inda bai kamata ba, da wuya ka rasa irin wannan.

Yaron Gudu: Baba da girmanka, wannan duk wahala ce. Ana zamanin da za ka danna waya kaya su zo, kai kana mirgina noti a gilashi.

Baba Kanike: Yaro, ka taɓa ɗaga tof ɗin 504 da hannunka?

Yaron Gudu: Na ɗaga na Honda da na Golf.

Baba Kanike: To zauna ka ji. Silib ɗin 504 a cikin ruwa yake zaune, ba a matse yake cikin bulok ba. Sil ne a gindinsa yake hana ruwa gangarawa cikin mai, kuma tof ne yake danne shi daga sama. Idan ka kwance noti ka ɗaga tof tsaye, gasket ya manne da bakin silib, sai ya taso da shi. Ko motsi kaɗan ya yi, sil ɗin ƙasa ya tashi, sai an sake sauke komai. Shi ya sa ake girgiza tof ɗin gefe da gefe har ya rabu da gasket, sannan a ɗauke, a kuma danne silib ɗin da ƙarfe kafin a juya inji. Yanzu ka faɗa min, idan sanduna goma suna tsaye cikin tof ɗin, ta ina za ka girgiza shi? Ga injin a kishingiɗe yake cikin motar, ba a tsaye ba.

Yaron Gudu: Sitod na zamani suna da ramin alanki a kai Baba. Ka kwance kan noti, ka zare sandar, shi ke nan ka girgiza abinka.

Baba Kanike: Na yarda, in kai ne za ka buɗe. Ranar da motar ta tsaya a Kwanar Dangora, yaron da zai buɗe ta ya san da wannan?

Malama Tekanika: Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma maganar 12.9 ɗin nan ce ta taso ni. Mai Sifeya, ba ina kushe kayanka ba ne, lissafi kawai zan yi.

Lambar da ke kan noti tana da ma'ana. Ta farko, in ka ninka ta da 100, ita ce ƙarfin da zai tsinka ƙarfen a ma'aunin ƙarfin ja da ake kira MPa. Ta biyu kuma tana nuna kashi nawa na wannan ƙarfin zai ɗauka kafin ya miƙe miƙewar da ba ya komawa. Wato 8.8 yana tsinkewa wajen 800, yana fara sakin jiki wajen 640. Shi 10.9 wajen 1000 da 900. Shi kuma 12.9 wajen 1200 da 1080. Har nan Mai Sifeya yana da gaskiya, 12.9 ya fi ƙarfi.

Inda mutane suke ruɗewa shi ne, suna zaton noti mai babbar lamba ya fi danne tof. Ba haka ba ne. Abin da yake danne tof shi ne miƙewar notin. Kamar robar tsohon tif da ake ɗaure kaya da ita a bayan babur ce: ba kaurinta ne yake riƙe buhun ba, jan da aka yi mata ne, tana son komawa tana matse kayan. Noti ma idan ka ɗaure shi, yana ƙara tsawo kaɗan, ido ba ya gani, wannan son komawar shi ne yake matse gasket. Kuma duk ƙarfen noti, 8.8 ne ko 12.9, in kaurinsu da tsawonsu ɗaya, ja iri ɗaya yana ba su miƙewa iri ɗaya. Saboda haka in ka ɗaure 12.9 da awon da littafi ya ce, dannawar da za ka samu ita ce dai wadda na kamfani zai ba ka. Ba ka ƙaru da komai ba. Sai in za ka ɗaure shi fiye da awo, kuma a nan tiredin bulok da alminiyam ɗin tof da bakin silib ne za su biya kuɗin.

Mai Sifeya: Malama to ai ko ba a ƙaru ba, ba a ragu ba. Sabo dai ya fi tsoho.

Malama Tekanika: Ana iya raguwa Alhaji. Notin tof ba notin gama-gari ba ne. Tsawon jikinsa marar tiredi, da tsawon tiredin, da faɗin ƙasan kansa, duk an auna su don wannan injin. Na kasuwa mai tiredi tun daga wuya har ƙasa ba zai yi hali irin na asali ba. Kuma Abban Sadiq ya ce masu ƙyalli ne. Ƙarfe mai tauri irin 12.9 idan aka yi masa rufin zinki ta hanyar lantarki ba a gasa shi yadda ya kamata ba bayan nan, iskar haidirojin tana shiga jikinsa, sai ya karye haka kawai bayan an ɗaure, babu gargaɗi. Shi ya sa 12.9 na kirki galibi baƙi za ka gan shi. Sannan buga lamba a kan noti ba wuya ba ce, kowa ya san akwai jabu a gari.

Mai Sifeya: Nawa dai ba jabu ba ne. Amma maganar ƙyalli na karɓa, zan tambayi wanda yake kawo min.

Abban Sadiq: Allah ya saka Malama. To na silba ɗin nan da ba ya tsatsa fa? Tunda tsatsa ce ta ci wasu daga cikin nawa, na yi tunanin ko shi ne mafita.

Malama Tekanika: Kada ka kusance shi. Wanda ake samu a kasuwa mai alamar A2-70 yana fara sakin jiki tun wajen 450, bai ma kai 8.8 ba. Ga shi da halin cije tiredi ya maƙale. A jikin bodi ko lagireto ya yi, ban da tof.

Injiniya M: Malama ta gama magana a kan lamba. Ni zan ƙara a kan zafi, don shi ne ya sa injin nan yake da tsada a wajen ɗauri. Bulok ɗin 504 ƙarfen kas ne, wato na zubi, tof kuma alminiyam. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen noti, wajen 23 a kan 12 in an auna su da ma'auni ɗaya. A ce kaurin alminiyam ɗin da noti ya ratsa milimita 90 ne, inji ya tashi daga sanyin safiya ya ƙara digiri 70. Tof zai fi noti buɗewa da wajen milimita 0.07. Ƙaramin abu ne a ido, amma ga noti babban ja ne. Kullum aka tayar da mota aka kashe, noti yana miƙewa yana komawa. Wanda yake da jiki dogo mai ɗan sassauci yana shanye wannan. Wanda ya yi kauri da yawa ba ya bayarwa, sai ƙarin matsin ya sauka a kan gasket da kuma alminiyam ɗin da ke ƙarƙashin washa. In mota ta tafasa, abin ya ninka: gasket ya lotse, wurin zaman washa ya lotsa, inji ya huce, sai ɗauri ya saki. Shi ya sa motar da ta tafasa sau ɗaya take son ta sake ƙona gasket.

Abban Sadiq, ka duba wuraren da washa suke zama. In sun yi rami, a gyara su. Kuma washa ta goma da ta ɓata, kada a cike ta da irin ta masu walda. Mai tauri ake sawa, mai kauri irin na sauran.

Mai Bitil: Injiniya ka tuna min da namu. A injin Volkswagen mai sanyaya da iska, sitod ne tun daga kamfani, dogaye, suna shiga cikin kes, wato gangar jikin injin, na magnesiyam. Na farko masu milimita 10 ne, kuma an san su da tsige tiredin kes in inji ya yi zafi. Da kamfanin ya tashi gyara a farkon shekarun 1970, sai ya koma masu milimita 8, ya sa musu hannun ƙarfe a cikin kes. Wato sirara aka koma, ba masu kauri ba. Duk wanda ya ce babba shi ne mai kyau, ya zo garejina in nuna masa kes ɗin da aka tsige.

Yaron Gudu: To ai ka ga sitod ɗin dai ne. Kuna ta kushe shi alhali Jamusawa ma shi suka sa.

Injiniya M: Ba wanda ya kushe shi ƙanena. Sitod yana da fa'idarsa ta gaske. Da hannu ake murza shi cikin bulok, saboda haka tiredin bulok ba ya shan gurza lokacin ɗauri, kan noti na sama ne yake juyawa. Sandar tana shan ja kawai, ba ta shan murɗa sosai kamar noti, ɗauri yana fitowa daidai. In inji ne da ake buɗewa kullum, ko an ƙara masa matsi, ko an ɗora masa turbo, sitod ne maganinsa. ARP kamfani ne na California, kayansu na ƙarfe mai lamba 8740 sanannu ne, ba a jayayya da ingancinsu. Amma tambaya ita ce me injin nan yake buƙata. Injin kafireta ne da bai kai ƙarfin doki 100 ba. Da notin kamfani motocin nan suka yi tasha-tasha daga Kaduna zuwa Maiduguri da lodi har saman rufi. Tun 1968 aka fito da 504, a Kaduna aka fara haɗa Peugeot a 1975, aka ci gaba da 504 har tsakiyar shekarun 2000. A duk tsawon nan ba notin tof ne aka sani da kashe ta ba, rashin ruwa ne da fanbel da ɗaurin ganganci.

Kuma akwai tarko: awon ɗaurin sitod ba shi ne na littafin motar ba. Tiredin samansa daban, man shafawarsa daban, awonsa na tare da shi a takarda. In ka ba makaniken da ya saba da noti, ya ɗaure yadda ya saba, ka sayi tsada ka samu ɗaurin da ba ka san ko nawa ba ne.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Nan wajenmu 504 ba ta ƙare ba, musamman ta ɗaukar kaya, har yanzu tana shiga ƙauye ranar kasuwa. Abin da munka saba shi ne, in noti ya lalace sai a nemi injin da ya mutu ta ƙasa, wanda ƙaransa ya kama ko ya fasa bulok, a ciro saitin notinshi duka da washa. Wanga ya fi sabon da ba ka san asalinshi ba. Amma a duba tsawo da kyau, don 404 da 504 da 505 'yan gida ɗaya ne, kayansu na kama da juna, kuma na dizal daban yake gaba ɗaya. Ka tafi da naka guda a aljihu ka gwada.

Baba Kanike: Ɗan Maraɗi ya faɗi abin da zan faɗa. Abban Sadiq, tsakanin Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano ba za ka rasa mataccen injin 504 ba. Ka sayi goma, ka haɗa da takwas ɗinka, ka zaɓi goma mafi lafiya masu kai iri ɗaya da tsawo ɗaya. In ka ci sa'ar sababbi na asali a kwalinsu da suka kwana a shago, to falillahil hamdu, su ne na ɗaya.

Sabon Shiga: Don Allah a yi min haƙuri, ni koyo nake. A wajen aikinmu an ce mana notin tof sau ɗaya ake amfani da shi, in an kwance sai sabo. Yanzu kuma ina ji ana cewa a je a ciro na mataccen inji. Wanne ne daidai?

Malama Tekanika: Tambayarka ta yi kyau, kuma duka biyun daidai ne, kowanne a injinsa. Yawancin injinan zamani ana ɗaure notinsu har ya shiga yankin da yake miƙewa ba ya komawa. Da gangan ake yi, don a nan dannawar take fitowa kusan iri ɗaya a duk notin. Irin wannan in ka kwance shi ya riga ya ƙara tsawo, wasu kamfanoni su ce a jefar, wasu kamar Mercedes su ba ka iyakar tsawo, ka auna, in ya wuce ka canza. Tsofaffin injina kuma ana tsayawa kafin a kai wannan yankin, noti yana komawa yadda yake, shi ya sa ake iya maida shi in ya ci jarrabawar da Baba ya faɗa.

Abin lura: ganin an ce a ƙara juyi na digiri kaza ba shi ne yake nuna notin na yarwa ba ne. Juyin digiri hanya ce ta awo kawai. Littafin injin ne zai faɗa maka ko a maida ko a canza.

Sabon Shiga: Malama me ya sa ake yin na digirin, tunda ga sifanar awo?

Malama Tekanika: Saboda sifanar awo ba miƙewa take aunawa ba, wahalar juyi take aunawa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ka sa yana tafiya ne wajen gurzar tiredi da gurzar ƙasan kan noti. Kashi 10 kacal ne yake zama danna. To ka ga in rami ɗaya da tsatsa, ɗaya da mai, sifana za ta yi ƙara a lamba ɗaya, amma dannawar ta bambanta sosai, tana iya kai kashi 25 zuwa 30. Shi kuwa digiri ba ruwansa da gurza. In tazarar tiredi milimita 1.5 ce, juyin digiri 90 zai tura noti milimita 0.375, da tsatsa ko babu. Wani ɓangare ya tafi a lotsewar gasket da tof, saura ya zama miƙewar noti.

Oga Sharp Sharp: Ku dai kuna da lokaci. Mu da dogon bututu muke ɗaurewa, in ya yi ƙara ƙiii ka san ya kama. Motoci nawa muka tayar a haka suna kan titi.

Baba Kanike: Suna kan titi, wasu kuma suna garejina. Wannan ƙarar da kake ji busasshen tiredi ne yake kuka, ba ɗauri ba ne. Ni ma a hannun masu bututu na koyi aiki, amma su hannunsu ya san nauyi, kuma tof ɗin kas suka fi ɗaurewa, mai haƙuri. Alminiyam ba ya yafiya.

Oga Sharp Sharp: Baba sifanar awon ma ai yawancin na gari ƙarya suke yi.

Injiniya M: Wannan kam ka faɗi gaskiya, amma gwada ta ba wuya. Ka kama bakinta a bais ta kwanta a miƙe, ka auna rabin mita daga tsakiyar bakin, ka rataya abu mai kilo 10. Wannan ya ba ka kusan Nm 49 a awon sifanar. In ka saita ta a nan ta yi ƙara daidai lokacin da nauyin ya sauka, tana da gaskiya. In hannunta bai kai rabin mita ba, ka auna inda ya kai ka yi lissafi da shi. Kuma in an gama aiki a sassauta ta zuwa ƙasa, kada a ajiye ta a ɗaure.

Admin: Jama'a a ci gaba da mutunta juna. Na goge saƙo biyu da suka koma zagi. Mai tallan mai na inji kuma ya kai shafin talla.

Abban Sadiq: Na gode ƙwarai. Na fahimci zan nemi na asali. To ramukan bulok ɗin fa, akwai abin da za a yi musu? Na leƙa da tocila na ga baƙin datti a ƙasan wasu.

Baba Kanike: Yauwa, yanzu ka zo wurin da aikin yake. Rabin gasket ɗin da suke ƙonewa bayan gyara, daga ramin nan ne. Ka ɗauki ɗaya daga notin da za ka yar, ba gajeren baƙon nan ba, mai tiredi daidai, ka sa a tsaga masa layi biyu ko uku a tsaye da zarto. Ka riƙa murza shi ciki kana fitarwa kana gogewa, dattin zai taru a tsagar. Kada ka bari a zura tap, ƙarfen nan mai yanka tiredi, yana cin ƙarfe, tiredi ya yi sako-sako. Bayan nan a busa iska, ka rufe idonka. Rami ya bushe ƙaƙas. In mai ko ruwa ya kwanta a ƙasa ka ɗaure noti a kansa, ruwa ba ya matsuwa, ko dai sifana ta yi ƙara alhali tof bai dannu ba, ko bulok ya tsage. Na ga bulok da ya tsage a haka, daga ramin noti har cikin hanyar ruwa, mai motar ya zauna a kan benci ya kasa magana.

Sai abu na biyu, tunda an goge fuskar tof, kuma wataƙila ba wannan ne karo na farko ba. Tof ya rage kauri, noti zai ƙara nutsewa. Ka ɗora tof babu gasket, da ƙafafun roka a wurinsu tunda ta cikinsu notin yake bi, ka murza kowanne da hannu. In kansa ya sauka ya kama washa, lafiya. In ya tsaya da sauran rata, ya taɓo ƙasa ko tiredinsa ya ƙare, sai a ƙara kaurin washa mai tauri.

Injiniya M: In kuma an samu ramin da tiredinsa ya mutu, kada a buɗa shi a sa noti mai girma, ɗaurinsa zai bambanta da sauran tara. A sa masa Helicoil ko Time-Sert, wato sabon tiredin ƙarfe da ake dasawa cikin ramin, a kan injin huda, don ramin ya tsaya a miƙe. Sannan kafin tof ya hau, a auna yadda bakin silib ya ɗara fuskar bulok. Tashin bai kai rubu'in milimita ba, amma in babu shi, ko silib ɗaya ya fi maƙwabcinsa, ko notin zinare ka sa gasket zai ba da iska.

Yaron Gudu: Na ji duka. Amma ni in tawa ce sitod zan sa, ko don in buɗe bonet in ji daɗi.

Mai Bitil: A ƙarƙashin murfin bawul suke fa, ba mai ganinsu.

Yaron Gudu: Ni na san suna nan.

Abban Sadiq: Baba saura tambaya ɗaya. A shafa mai a tiredin ko a bar shi a bushe? Kuma lamba nawa za a ɗaure? Makanikena ya ce shi a ka yake da ita.

Baba Kanike: A ka ɗin nan ne ba na so. Peugeot sun canza tsarin ɗaurin injin nan a tsawon shekarun da suka yi suna yin sa. Na farko da awo kawai ake ɗaurewa, na baya kuma a ɗaure, a sassauta, a kama da ƙaramin awo, sannan a ƙara juyi na digiri. Ka duba lambar injinka a jikin bulok, ka nemo littafin da ya dace da ita, ka kuma karanta takardar da ta zo cikin kwalin gasket. Abin da suka ce game da mai shi za ka bi, don lambar da suka bayar da irin wannan shafawar aka auna ta. In an ce a shafa, ɗan kaɗan ne a tiredi da ƙasan kai, ba a tsoma noti cikin galan ba. Giris mai sinadarin moli kuma kada a sa shi a madadin baƙin mai, ya fi santsi, za ka wuce awo ba ka sani ba. Daga tsakiya ake farawa ana zagayawa zuwa waje, mataki-mataki, ba a gama noti ɗaya a koma na gaba.

Ɗan Maraɗi: Baba ka manta sake ɗauri.

Baba Kanike: Ban manta ba, yatsa ne ya gaji. In gasket ɗin irin na da ne, yana kwanciya bayan ya sha zafi. Sai a dawo da motar bayan tafiyar da littafi ya ce, a bar ta ta kwana ta huce sarai, don tof ɗin alminiyam ba a taɓa shi da zafi. A bi tsarin nan dai, a sassauta noti ɗaya a ɗaure shi, sannan a taɓa na gaba, kada a kwance su gaba ɗaya. Abban Sadiq ka gaya wa makanikenka, duk lokacin da aka taɓa notin tof sai an sake saitin bawul, don ratar ta motsa.

Abban Sadiq: In sha Allahu ranar Asabar zan shiga Kaduna da noti ɗaya a aljihu. Wa yake da littafin injin lita biyu ya ɗauko min hoton shafin ɗaurin tof?

Malama Tekanika: Akwai a ɗakin karatun makarantarmu. Turo min lambar injin ta akwatin sirri in duba wanda ya dace da naka.